6.5 Creedmoor ko .308, wacce zan saya don farautar barewa a Texas?

Gusau_Houston:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar bindigar farauta, musamman mazauna Amurka ko Turai. Wani abokin aikina suna hayar fili shi da 'yan uwansa a wajen Llano, can cikin tuddan tsakiyar Texas, ya gayyace ni farautar barewar nan mai farin wutsiya in an buɗe lokaci a Nuwamba, ya ce in taho da yarona, shekararsa 14. Kwas ɗin koyon farauta da Texas ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yanzu mun yi ni da shi, takarduna na zama daidai suke, abin da ya rage bindiga ce kawai, kuma guda ɗaya zan iya saya mu riƙa amfani da ita tare.

To a nan kaina ya kulle. Na je shago, yaron da ke sayarwa tun kafin in gama magana ya ɗauko min 6.5 Creedmoor ya ce ita kowa ke saye yanzu. Na koma wajen aiki na faɗa wa abokin nawa, ya ce duk talla ce, in sayi .308 in huta, ita babansa ya riƙe har ya rasu. Maƙwabcina kuma cewa ya yi waɗannan duk kayan yara ne, in nemi .300 Win Mag wai in ka harbi dabba da ita ko motsi ba ta yi. Ni abin da ya fi damuna shi ne kada in harbi dabbar Allah ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale, kuma ba na son yaron ya tsorata da bindiga tun harbin farko. Kuɗin da na ware wajen dala 1,000 ne har da madubin saiti. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baban_Ummi_Denver:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da farko dai ka cire maganar maƙwabcinka daga lissafi gaba ɗaya, .300 Win Mag bindiga ce mai kyau amma ba taka ba ce kuma ba ta yaro ɗan shekara 14 ba. Barewar Llano ƙanana ne, yawancinsu ba su fi babban rago ba, me za ka yi da harsashin da aka yi don manyan dabbobi a tazara mai nisa? Abin da mutane ba sa ganewa shi ne duk lokacin da bindiga ta tashi tana dukan kafaɗarka, kuma jiki yana koyon tsoron dukan nan ko kai ba ka sani ba, sai ka ga mutum yana runtse ido yana fizgar kunama kafin harsashi ya fita, bakin bindiga ya yi ƙasa, a samu dabba a ƙafa ko a tumbi. A filin gwaji ka tsaya bayan mutane ka duba, ka ga wanda bindigarsa ta ƙi tashi saboda ya manta bai sa harsashi ba amma kafaɗarsa ta zabura gaba, to wannan da kake gani shi ne ciwon, kuma manyan bindigogi ke sa shi. Dukan .300 Win Mag ya kai ninki biyu na 6.5 Creedmoor in nauyin bindigar ɗaya ne, .308 kuma tana tsakaninsu amma ta fi kusa da Creedmoor.

Wannan ne dalilin da ya sa matsakaitan harsasai, wato masu kaurin milimita 6.5 zuwa 7 har zuwa inci .308, suka cika kasuwa. Ba wai sun fi manya ƙarfi ba ne, a'a, mutum na iya harba su da kyau ne, ya zauna ya harba kwalin harsashi biyu a rana kafaɗarsa ba ta yi tsami ba, kuma wanda ya yi gwaji da yawa shi ke samun dabba a inda ya kamata, bayan kafaɗa, wajen huhu da zuciya. In harsashi mai kyau ya ratsa huhu biyu, barewa ba ta yin nisa, ko daga wacce bindiga ya fito.

Game da su biyun da ka tambaya. .308 Winchester ta fito a 1952, harsashinta na farauta yawanci giren (ma'aunin nauyin harsashi) 150 ne zuwa 180, mai giren 150 yana fita da gudun ƙafa 2,800 da 'yan kai a daƙiƙa. 6.5 Creedmoor kuma kamfanin Hornady ne ya fitar da ita a 2007, Dave Emary da Dennis DeMille suka tsara ta, kuma asali ba don farauta aka yi ta ba, don gasar harbin nesa ce. Harsashinta siriri ne dogo, giren 140 ko 143, gudunsa wajen ƙafa 2,700. Siranta da tsayin nan su ne sirrinta, iska ba ta rage masa gudu da sauri kuma ba ta ture shi gefe sosai, shi ya sa ake yi wa cikin bututun murɗa mai sauri, zagaye ɗaya a kowane inci 8, don dogon harsashi ya tafi a miƙe bai wuntsila ba. A yadi 600 zuwa 1,000 Creedmoor ta fi .308 ba gardama, musamman in ana iska. Amma kai ina ruwanka da yadi 600? A Llano daga cikin rumfar ɓuya za ka harba, yadi 80 ko 100 ko 150, kuma har yadi 300 bambancin faɗuwar harsasan biyu bai wuce inci ɗaya ko biyu ba. Don haka abokin aikinka yana da gaskiya ta wani ɓangare, tallar ta yi yawa, amma ba ƙarya ba ce, bindigar tana da kyau da gaske.

Inda .308 ta fi: harsashinta yana ko'ina, har ƙaramin shagon ƙauye, akwai masu araha na gwaji, bututunta kuma ya fi daɗewa, ana maganar harbi 5,000 ko fiye kafin saiti ya fara lalacewa, ita kuwa Creedmoor wajen 2,000 zuwa 3,000. Amma mafarauci da ke harba kwali goma a shekara wannan lissafin ba zai taɓa shafarsa ba.

Da kai kaɗai ne da na ce ka ɗauki duk wadda ta zauna maka a kafaɗa. Tunda da yaro, ni 6.5 Creedmoor zan ce. Bindigar Ruger American ko Savage ka haɗa da madubi mai kyau za su shiga cikin kuɗinka, in za ka iya ƙarawa kaɗan Tikka T3x ta Finland kunamarta ta fi laushi. Kada ka matse kuɗin madubi don ka sayi bindiga mai tsada, da asuba da bayan la'asar sakaliya barewa ke fitowa lokacin haske ya yi ƙasa, madubi mai arha a nan yake ba mutum kunya.

Tsohon_Soja_KD:

Salam. Ni ban taɓa farauta a Amurka ba amma .308 ɗin da kuke faɗa na san 'yar uwarta sosai, ita ce 7.62 ta NATO da bindigogin soja G3 da FN ke ci, da su muka yi aiki shekaru. Kusan abu ɗaya ne, a 1954 NATO ta karɓe ta. Malam Baban Ummi ka yi bayani mai kyau amma ban yarda a ce wai .308 ta yi wa ɗan shekara 14 yawa ba, mun ga samari ramammu a Depot Zariya suna harba ta kuma suna samun abin da suka saita, koyarwa ce kawai, a danna gindin bindiga sosai a cikin kafaɗa, kunci a manne, a ja kunama a hankali ba fizga ba. Ni abin da ya daɗe yana aiki shi na fi yarda da shi, harsashin da ya shekara saba'in ana amfani da shi a duniya ba za a wayi gari a ce ya ɓace a kasuwa ba.

Abin da ya sa na shigo ma shi ne in ja kunnen masu karatu daga gida. Wannan hira ta mazauna waje ce inda doka ta ba su dama. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu 7.62 da .303 cikin jerin waɗanda aka haramta wa farar hula, kada wani ya karanta ya ce zai sa ɗan uwansa ya saƙo masa ko da kwanson harsashi ne a jaka, mutum zai jefa kansa cikin bala'in da bai san ranar fita ba. Kai ma Ɗan Gusau ka riƙa zazzage jakarka da aljihun rigunanka da kyau kafin ka taho gida hutu, harsashi ɗaya da ya maƙale a lungun jaka ya isa a tsare ka a filin jirgi. Kuma ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli tare da bindigar, rana ɗaya, tunda akwai yara a gidan.

Bakano_a_Umea:

Ina yi wa kowa sallama, Baba Tsohon Soja Allah ya ƙara lafiya. Ni a arewacin Suwidin nake kuma abin da ke ba ni mamaki da Amurkawa shi ne yadda suke maganar 6.5 kamar jiya aka gano ta. A nan akwai 6.5x55, tun 1894 sojojin Suwidin da Norway suka karɓe ta, kaurin harsashinta ɗaya da na Creedmoor, gudun ma kusan ɗaya, kuma fiye da shekara ɗari mutanen nan da ita suke harbin wata dabba dangin barewa da suke kira alg, Amurkawa na ce mata mus, wadda babban namijinta yana kaiwa kilo 400 zuwa 500. To in siririn harsashi ya kayar da wannan, barewar Texas fa? Sai dai su suna sa mai nauyi, giren 156, wato giram 10, dogo mai kan da ke buɗewa a hankali ya shige ciki sosai. Dokarsu ma ba kauri kaɗai take dubawa ba, nauyin harsashi take dubawa da ƙarfin da ya rage masa a mita 100.

Kuma abin da na fi so a tsarinsu shi ne kafin kaka, ƙungiyoyin farauta da yawa ba za su bar ka ka bi su daji ba sai ka je filin gwaji ka harbi hoton dabbar a mita 80, tana tsaye sannan tana gudu a kan dogo, ka nuna kana samun wajen huhu. Dattijon da ya koya min, bindigarsa katakon duk ya goge ya yi baƙi a wajen riƙo, bai taɓa tambayata wane harsashi nake da shi ba, takardar makina kawai yake karɓa ya duba.

A Afirka ma haka tarihin yake, 7x57 Mauser ta 1892 ita Boer, Turawan Afirka ta Kudu, suka riƙe a yaƙinsu da Ingila daga 1899 zuwa 1902, kuma har yau ana farautar manyan gwanki da makamantansu da ita a Afirka ta Kudu da Namibiya. Wani maharbi ɗan Sukotlan, W.D.M. Bell, ɗaruruwan giwaye ya kashe da ita a farkon ƙarni na 20 saboda ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take. Ni ban ɗauki ɓarnar giwaye abin yabo ba, kuma yau ƙasashe da yawa ba za su bar ka ka tunkari ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba, kawai ina nuna cewa matsakaicin harsashi ba sabon abu ba ne.

Akwai wadda ba wanda ya ambata, 7mm-08 Remington ta 1980, kwanson .308 ne aka matse wuyansa ya koma milimita 7, giren 140 da gudun ƙafa 2,800, dukan kafaɗa kaɗan. A ganina ita ce ta fi dacewa da uba da ɗa, matsalarta ɗaya ba kowane shago ke ajiye harsashinta ba. Ka leƙa shagunan da ke kusa da kai ka ga abin da ke kan kanta tukuna.

Maman_Fauza_Ohio:

Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Maigidana yana farauta, ni kuma ni ke gyara naman kuma aikin asibiti nake yi, to akwai abu biyu da nake so Baban yaron ya kula da su.

Na farko kunne. Duk bindigogin nan da kuka lissafa ƙararsu ta wuce abin da kunne zai ɗauka, harbi ɗaya ba kariya yana iya barin mutum da ƙugi a kunne har abada, kuma yara da yawa ba dukan kafaɗa ke tsorata su ba, ƙarar ce. A sa masa na toshewa na ciki sannan a ɗora na rufewa a kai, ko a daji ma kar a ce ai harbi ɗaya ne.

Na biyu dalma. Harsashin da cikinsa dalma ce in ya bugi ƙashi yana tarwatsewa ƙanana ƙanana har wanda ido ba ya gani, ya bazu cikin naman da ke kewaye, in aka niƙa naman kuma shike nan ya gauraye. Kai da kake ɗan Zamfara ba sai an faɗa maka abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010 ba, ko da yake wancan daga haƙar zinare ne kuma ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Mu dai na tagulla zalla muke saya, akwai na Barnes da na Hornady, California ma tun 2019 ta hana farauta da na dalma gaba ɗaya. In kuma da na dalma kuka harba a yanke wajen raunin da faɗi a zubar, kar a ji asara.

Sannan kowa ya duba dokar jiharsa, mu nan Ohio duk waɗannan da kuke magana ba a yarda a harbi barewa da su ba, sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso irin .350 Legend ko bindigar da ke cin katirij, saboda gonaki da gidaje sun yi kusa da juna. Texas ba haka ba ne amma in wata rana aka gayyace ku wata jiha ku tambaya kafin ku tafi. Kuma a koya wa yaron bisimilla kafin ya ja kunama, in an tarar da ita da sauran rai a yanka nan take, wuƙa mai kaifi ta kasance a jiki.

Gusau_Houston:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Baba Tsohon Soja na ji kuma akwatin zan fara saya insha Allah. Hajiya Maman Fauza wallahi maganar dalmar nan ta shige ni, na tagulla za mu nema. Na leƙa shaguna biyu a unguwarmu bayan na karanta amsar Bakano, 6.5 Creedmoor da .308 sun cika kanta iri iri, 7mm-08 kuwa kala biyu kawai na gani. Zuciyata ta karkata ga Creedmoor saboda yaron. Tambaya ta ƙarshe Baban Ummi, na ga wasu kwalaye an rubuta na gasa ne kuma mai shagon ya ce sun fi saiti, su zan saya? Sannan abokina yana maganar nan gaba mu je Colorado neman elk, wata babbar dabba dangin barewa, ita Creedmoor ɗin za ta iya?

Baban_Ummi_Denver:

A'a ɗan uwa, na gasa ka bar shi wa takarda. Bawonsa siriri ne, an yi shi don ya huda kwali a wuri ɗaya, ba a tsara shi don ya buɗe daidai a jikin dabba ba, wani lokaci ya fashe a kan kafaɗa bai shiga ba wani lokaci ya wuce kamar allura. Ka nemi wanda aka rubuta na farauta ne. Tunda tagulla za ka saya, ka ɗauki giren 120 zuwa 130, tagulla ba ta kai dalma nauyi ba kuma tana son gudu kafin ta buɗe, a tazarar da za ku harba gudun ya isa har ya yi yawa. Ka sayi iri biyu ka gwada a yadi 100, kowace bindiga da wanda take so, wanda ya fi tara harbi uku wuri ɗaya shi za ka riƙe, kuma da shi za ka daidaita madubi, kar ka daidaita da wani ka je daji da wani. Don yaron ka duba tsayin gindin bindigar, in ya yi masa tsawo zai miƙa wuya ya kasa ganin cikin madubi sosai, akwai waɗanda ake cire musu ɓangare a rage tsayi. Kafin ya harba na gaske ya yi ta jan kunama a bindigar ba harsashi, kai ka duba da idonka ka tabbatar babu komai ciki, bakinta kuma yana kallon inda ba mutum. In yana iya sa harbi biyar a cikin faranti na takarda a yadi 100 daga irin zaman da zai yi a rumfa, ya isa ya fita.

Maganar elk, dokar Colorado ta yarda, mafi ƙanƙanta .24 ne da harsashi giren 85 da ƙarfin da ya kai 1,000 a ma'auninsu a yadi 100, Creedmoor ta wuce wannan sosai kuma mutane na kashewa da ita kowace shekara. Amma elk babba ne mai kaurin ƙashi, da Creedmoor sai ka jira ya ba ka haƙarƙari sosai kuma kar ka wuce yadi 300, in ya juyo da kafaɗa ka ƙyale shi ya tafi. A nan kam Baba Tsohon Soja ya fi ni hujja, .308 da giren 165 ko .30-06 sun fi ba da kwanciyar hankali. In lokacin ya zo ka yi min magana ta inbos, ina da .30-06 da zan iya ba ka aro mu fita tare, amma ka fara neman tikitin izinin farautar elk tun da wuri don a farkon Afrilu ake rufe karɓar takardun ƙuri'ar da ake raba shi da ita.